Kifin Surukina da Jan Yauƙin Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. A gidan suna a tare ni, a gidan biki a tare ni, har a ajinmu na yaƙi da jahilci malama ta ajiye alli ta ce in ba da labari. Kuma duk tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne mijin Kulu duwatsu yake kiwo? Na gaji da maimaitawa. Tunda Allah ya sa na iya riƙe biro, ko da yake sai da na yi jikoki kafin na san baƙi da wasali, ga shi na rubuta. Wadda ba ta iya karatu ba ta ba jikarta ta karanta mata, ko ta zo aji, benci bai cika ba.

Kulu autata ce. Isuhu, mutumin Matamaye ta Nijar, ya aure ta ya tafi da ita Kwatano, can bakin teku a ƙasar Binin, inda yake aiki a wajen wani Balarabe ɗan Labanan mai gidan abinci. Na rubuta sunan surukin nawa sau ɗaya don ku san shi, daga nan sai dai in ce mijin Kulu. Da cikinta ya tsufa, lokacin da ya kamata ta zo gida goyon ciki, likita ya hana ta doguwar tafiya saboda kumburin ƙafa. Can ta haihu, ba uwa ba ƙanwar uwa. Ana cikin haka wani direba ya kawo mini labarin cewa shi mijin ba girki yake ba, ba kuma gadi ba, duwatsu yake kiwo a cikin ruwa. Na je na sami baffanta, tunda ubanta ya rasu, na gaya masa ba a ɓoye ba: zan je in yi mata wankan jego, in kuwa na tarar mutumin nan ba shi da tsayayyar sana'a, da ita da jaririn zan dawo. Ban ce ya sake ta ba, amma za ta zauna a gabana har ya sami aikin da ake iya faɗa cikin mutane.

Na ɗaure kanwa da gero da daddawa da yajin jego da ƙuli-ƙuli, na haɗa da zannuwa da bargo, na nufi tasha. Ta Nijar na bi, don Legas ba ta gan ni ba, ba kuma za ta gan ni ba. A motar Kongolam, garin bakin iyaka, tun zuwan shari'a maza gaba ne mata baya. Ban ƙi ba. Sai dai an cusa bunsuru a bayan kujerarmu, kansa daidai kafaɗata, kafin mu kai ya cinye mini gefen mayafi. Na ce da direba an raba mu da maza, ban ji an ce a haɗa mu da bunsuru ba. Ya ce shi ma fasinja ne, an biya masa.

A ɓangarenmu na iyaka ba wanda ya tsaya mini. Da muka tsallaka, wani jandarma ya karɓi katin allurata yana ta zuba mini Faransanci. Na dube shi, ga tsage a kumatunsa irin na mutanen unguwarmu. Na ce, ɗan nan, da wannan tsagen kake yi mini yaren da uwarka ba ta ji? Ya fashe da dariya, ya koma Hausa ras. Ya taɓa ƙullin kanwa ya tambayi ko mene ne, na ce kunun mai jego. Ashe matarsa ma ba ta yi arba'in ba. Na ɓantaro masa dunƙule, na kuma gaya masa ya daina barin ta tana shan ruwan sanyi.

A Matamaye gwaggon mijin Kulu ta damƙa ni a hannun wata Hajiya Gambo, 'yar kasuwar atamfa da ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Da ita muka shiga babbar motar da ke tasowa daga Damagaram. Mutanen can Hausawa ne kamar mu, amma makaranta su ce lakwal, burodinsu kuma dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya yage mini dasashi tun a gatsar farko. Hajiya Gambo ta ce tsomawa ake a shayi, ba a kai masa hari haka. A Doso aka kawo mana wani abu wai shi kofto, ana ta yabonsa. Na buɗe leda na ga kwaɗon zogale ne. Namu ya fi shi ƙuli, nasu ya fi namu albasa, iyakar gaskiyar ke nan. A Gaya muka kwana a rumfar mata ta tasha, kan tabarmi, muna jiran a buɗe gada, sauro kuwa kamar aiko su aka yi musamman domina. Da gari ya waye muka haye kogin Kwara. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba, na yi ta salati. Hajiya Gambo ta ce in rage wani salatin, teku na gaba.

Cikin Binin abin da ya fi ɗaure mini kai mata ne a kan babur. Ba goya su aka yi ba, su ke tuƙi, ga goyo a baya, ga kwandon doya a gaba. Mu nan ana ta gardama ko mace za ta hau acaɓa, su can sun ƙwace acaɓar. Na bi su da kallo har wuyana ya ƙage. A Faraku muka ci sakwara da cukwin Fulani soyayye. Sai da na sa Hajiya Gambo ta tambayi mai abincin naman mene ne a miyar, ta sake tambaya, mai abincin ta ji haushi ta ɗauko kan akuyar ta dangwara mini a gaba. Na gamsu. Na ci, har da ƙari.

Kwatano gari ne da gumi ba ya bushewa. Ka yi wanka ka fito, kamar ba ka goge jiki ba. Hajiya Gambo ta kai ni har ƙofar gida, ɗaki da falo ne a bayan gidan abincin Balaraben. Na tarar da Kulu ta yi ɓul-ɓul, jaririn namiji, kansa kamar na marigayi kakansa. Mijinta ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya gaishe ni da muryar da sai na matso na ji. Na ce a raina ladabi dai akwai, saura sana'a.

Sana'ar tana nan a falon, ta cinye bango guda. Akwatin gilashi ne, tsawonsa ya kai gado, cike da ruwa, da fitilu masu shuɗin haske a samansa, ƙarƙashinsa kuma injuna na ta gurnani. A ciki ga kifaye ƙanana, wani rawaya kamar an tsoma shi a kurkum, wasu biyu masu zanen fari da ruwan lemo. Ga kuma duwatsun, an jera su, a kansu wasu abubuwa sun tsiro, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar kunnen giwa, wani kamar ciyawa iska na kaɗa ta. Kulu ta ce murjani ne. Na ce ƙarya take, murjani na kakata yana nan a adakata, ja ne, tsakiya ce ake sawa a wuya. Ta ce wannan ɗan'uwansa ne tun yana da rai. Dabba ne, yana ci, yana girma, yana mutuwa. Na kai yatsa kusa da gilashin, inuwar hannuna ta faɗa kan wani, sai na ga ya tsuke jikinsa. Na ja da baya na nemi tsari.

Kulu ta warware mini sauran. Akwatin na Balaraben ne, a gidan abincinsa yake, masu cin abinci suna kallo. Ana rushe wajen za a sake gini, shi kuma ya tafi ƙasarsu, sai ya sa aka kawo shi falon mijin Kulu. Ya ce in ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi, zai ɗora shi kan duk akwatunan da zai zuba a sabon ginin. In kuwa ya tarar murjanin ya mutu, mijin Kulu ya miƙa masa makullin gidan da suke ciki, don gidan ma na Balaraben ne. Na ce to madalla, abin ya zo da sauƙi. Ran da Balarabe ya dawo, ran nan zan san ko kujera ɗaya zan kama a mota ko biyu.

A falon nake kwana, shi mijin ya koma ɗakin masu gadi, sai safe da yamma yake shigowa ya duba kifinsa. Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya. Yana aiki ina tsaye a kansa, yana ba ni amsa fuskarsa na kallon bango. A nan na ji abubuwan mamaki. Teku ga ta nan, kana jin rurinta daga tsakar gida, amma ba a ɗibar ruwanta, wai ya yi datti. Gishiri ake sayowa daga Turai a bokiti a dama, a yi teku ta ƙarya. Murjanin ma ba na tekun Kwatano ba ne, jirgin sama ya hau ya zo, abin da ni ban taɓa hawa ba. Akwai 'yan fankoki a cikin ruwan don kada ya kwanta. Akwai wani inji mai kumfa da ke tara ƙazanta a kofi, warinta ya fi na jima. Akwai dodon koɗi da aka ɗauka aikin lasar gilashi. Gansakuka kuma, irin koriyar nan ta bakin randa, takan tsiro kamar gashi a kan duwatsun, ya tsige ta da hannu, ya goge saura da buroshin haƙori.

Na ga ruwan yana raguwa, na tambaya ko yoyo yake. Ya ce zafi ne ke shanye shi. Na ce to gishiri za a ƙara damawa? Ya ce a'a, gishiri ba ya tashi, ruwan daɗi ake ƙarawa. Wannan kam na gane shi nan take, ko miya in ta ƙone ruwa ake ƙara mata, ba gishiri ba. Ga rijiya a tsakar gida, na ɗanɗana, ruwan daɗi ne. Daga ranar, duk safiya in na ɗebo ruwan wankan Kulu, sai in ciko buta in zuba wa akwatin har ya kai zanensa.

Abin da bai yi mini ba shi ne ciyarwarsa. Ɗan abin da zai tsinta da yatsu biyu yake barbaɗa musu, kifayen su yi ta wawaso, kafin ka ƙifta ido ya ƙare. Ni na yi kiwo, na kuma daɗe ina lura, namijin da ke ƙyashin dusar akuyarsa wata rana zai auna wa matarsa hatsi da cokali. Sai na fara murmushe musu ƙuli-ƙuli, wani lokaci da ɗan dambun naman Kulu. Suna ganina sai su taso gaban gilashi. Labulen tagar kuma mai kauri ne, falon kamar kabari, ni ga ɗinki ga karatu, sai na riƙa yaye shi, rana ta shigo har kan akwatin, murjanin ya yi ta sheƙi.

Ku lura, ba a ɓoye na yi ko ɗaya ba. A gabansa na yi. Ranar farko da ya shigo ya gan ni da buta a kan akwatin, ya tsaya cak, sannan ya durƙusa.

"Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Na ce ba komai, ai yi wa kai ne.

Ba a daɗe ba wani abu ya fara fitowa a kan yashin ƙasan akwatin. Ja ne mai duhu, kamar an zubar da miyar kuɓewa da manja. Da safe ɗan kaɗan ne, kafin la'asar ya shimfiɗu, ƙananan kumfa sun taru a jikinsa. Ya sa tiyo ya zuƙe shi, yana ɗagowa kamar fatar kunu, washegari ya dawo ya fi na jiya. Na ce wannan wace irin gansakuka ce? Ya ce ba gansakuka ba ce, ko da yake ta yi kama. Wasu ƙwayoyin halitta ne irin masu ƙanƙantar nan da sai da madubin likita, su ke haɗuwa su yi shimfiɗa. Ya faɗi sunansu da Faransanci, harshena ya ƙi, na sa masa jan yauƙi. Dodon koɗin ma ba sa cin sa, kewaye shi suke. In ya hau murjani sai ya lulluɓe shi, ya hana shi haske da numfashi har ya mutu.

Na tambayi abin da ke kawo shi. Ya ce haske da taki, kamar ciyawa a gona. Na ce wa ya zuba taki a ruwa? Ya ce abinci in ya yi yawa yakan ruɓe ya zama taki. Na ce to ai kai ba ka ba su abin kirki ma. Ya ce haka ne, Inna. Na ce babu magani? Ya ce akwai wani gari da ake zubawa, amma yana iya shaƙe kifin, kuma in ba a toshe inda takin ke shigowa ba, dawowa zai yi. Na ce to ka toshe mana. Ya ce in sha Allahu.

Sai ya shiga yi mini hidima. Ya sayo mini fitila mai caji, wai don kada in wahalar da idona wajen ɗinki. Na gode, na ajiye ta don tsaraba, na ci gaba da yaye labule. Ya sa wa rijiya murfi da kwaɗo, wai saboda yaran maƙwabta. Na yaba da hankalinsa, na karɓi makullin a hannun Kulu. Ya ce yana son ƙuli-ƙulin Daura, ko zan ba shi duka ya kai wa abokan aikinsa. Na ba shi rabi. Kulu kuma kullum sai ta fara, "Inna, dama kifin nan," in ce me ya sami kifin, sai ta ce ba komai, suna da kyau. Shi yana ta ramewa, yana ta canjin ruwa, jarkoki na shiga suna fita. Jan yauƙi ya bar yashi ya hau duwatsu, ya kama gindin wani murjani mai rassa da aka ce shi Balaraben ya fi so. Ni kuwa na fara lissafin yadda zan riƙe jariri a doguwar mota. Na yanke a raina yaron kirki ne, amma bai iya aikinsa ba.

Yana da wasu 'yan kwalabe da yake gwada ruwan da su. Ya ɗebi kaɗan, ya ɗiga magani, ya girgiza, ya kara da wani kati mai launi-launi. In ruwan ya tsaya fari, lafiya. In ya yi shuɗi, akwai taki, irin sinadarin da ke cikin takin zamani. Kullum na akwatin sai ya yi shuɗi, shi kuma ya dafe kai. Abin ya ba ni sha'awa, na ce ya koya mini. Wata safiya bayan ya fita na ce bari in gwada da kaina. Na gwada na akwatin, shuɗi-shuɗi. Na gwada na wata farar jarka da yake ajiyewa a lungu, fari tas. Na gwada ruwan shayina don neman magana, bai nuna komai da zan gane ba. Sai na ɗiga a na butata.

Ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina.

Na zauna da kwalbar a hannu. Na kira Kulu na tambaye ta ruwan mene ne a farar jarkar. Ta ce ruwan daɗi ne. Na ce na rijiya fa? Ta sunkuyar da kai, ta ce a wajen masu kifi, ruwan daɗi shi ne wanda aka tace da inji har ba abin da ya rage a cikinsa. Rijiyoyin Kwatano ba su da zurfi, ga masai kusa da su. Na ce ƙuli-ƙulin fa? Labulen fa? Sai ta fara kuka. Na ce ta share hawaye, mai jego ba ta kuka, ta aika a kira mini mijinta.

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba. Na ajiye masa kwalbar a gabansa.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya ƙura wa kwalbar ido.

"Da kai nake. Tun yaushe?"

"Tun ranar butar, Inna."

"Shi ne ka ce mini sannu da aiki?"

"Ai aikin kika yi, Inna. Da kyakkyawar niyya."

"Za a kore ka daga aiki, a karɓe gida, in kwashe maka mata da ɗa, duk don ba za ka iya buɗe baki ka ce tsohuwa ajiye buta ba?"

Ya ce a gidansu ba a yi wa suruka gyara. Da ya ce mini daina, gara a kore shi. Na ce a gidanmu ma haka ne, kuma ga inda ta kai mu. Na sa shi ya tashi ya zauna a kujera. Ya zauna a gefenta kamar akwai ƙaya. Na ce yau ni ce yarinyar aikinsa, ya faɗi abin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, in kuma ya sake ce mini Allah ya saka da alheri zan kwaɗa masa butar.

Saƙo ya riga ya zo cewa Balarabe na hanya, don haka ba mu tsaya ba. Ya zuƙe jan yauƙin da tiyo, ni ina riƙe da bokiti. Ya ciro duwatsun da ba murjani a kansu, na goge su da buroshi a cikin ruwan gishiri, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Ya canja wani kaso na ruwan, ba duka ba, wai canji mai yawa a lokaci ɗaya shi ma kisa ne. Ya juya fankokin suka fuskanci lungunan da ruwa ke kwanciya. Sannan ya ce sai an kashe fitilu an rufe akwatin ruf kwana uku, ko ɗigon haske kada ya shiga. Jan yauƙi ba ya jure duhu, murjani kuwa zai daure in bai wuce haka ba. Injuna dai a bar su suna aiki don kifin ya sami iska. Ba mu da abin rufi mai kauri, na kwance bargona da zannuwan da na kawo wa Kulu na fitar arba'in, muka naɗe shi.

Kwanakin nan uku sun yi mini tsawo. Ina jin motsin ruwa a ƙarƙashin zane, hannuna na ƙaiƙayin ɗagawa. Wata maƙwabciyarsu, 'yar ƙasar, ta shigo barka, ta ga dogon abu a lulluɓe yana gurnani, sai ta tuɓe takalmi ta rusuna masa kafin ta gaishe mu. Kulu ta ce a wajensu abin da aka rufe haka a ɗaki na tsafi ne. Na ce ta gaya mata mu Musulmi ne, kifi ne ba shi da lafiya. Matar ta gyaɗa kai irin na wadda ta ji amma ba ta yarda ba, da za ta fita ma da baya-baya ta fita.

Da aka yaye zannuwan, yashi ya yi fari kamar an wanke shi da sabulu. Kifayen suka fito suna lumshe ido, in dai kifi na lumshewa. Murjanin suka yi kwana biyu a tsuke, sannan suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Duk suka tashi ban da reshe guda na mai rassan nan, wanda jan yauƙi ya fara kamawa. Naman jikinsa ya saɓule, ya bar ƙashi fari fat. Na ce a karye shi a jefar kafin mai abu ya zo, wa zai ƙirga rassa? Mijin Kulu ya ce a bar shi.

Balaraben ya zo da hantsi, gajere ne mai tumbi, gashi har a bayan yatsu. Ya gaishe ni da hannu a ƙirji, ya leƙa jariri, sannan ya ja kujera gaban akwatin ya zauna. Ya daɗe yana kallo. Ni ina daga bakin ƙofar ɗaki, Kulu na bayana da ɗa a kafaɗa, ina jin numfashinta a wuyana. Can ya nuna farin reshen da yatsa. Mijin Kulu ya fara bayani da Faransanci. Na ce Kulu ta fassara mini. Ta ce yana cewa ruwa ne ya ɓaci a hannunsa, taki ya shiga, bai toshe da wuri ba.

Ban san lokacin da na fito tsakiyar falon ba. Na ce Kulu ta gaya wa mutumin nan butar wa ce, ƙuli-ƙulin wa ne. Kafin ta buɗe baki mijinta ya juyo. Bai durƙusa ba. Ya dube ni ido cikin ido, ranar ce ma na fara sanin cewa yana da ɗan tabo a gira.

"A'a, Inna. Akwatin nan ni aka ba amana, ba ke ba. Ki koma ciki."

Ku da kuka san ni kun san ko marigayi bai taɓa sa ni na koma ciki da magana a bakina ba. Na koma. Na zauna a bakin gado, ina jin su suna ta yarensu, Kulu kuma ta ƙi fassara mini ko kalma ɗaya. Da na ji ƙarar kujera na leƙa. Balaraben ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu ya ɓalle farin reshen, ya jinjina shi, ya miƙa wa mijin Kulu. Daga baya aka gaya mini abin da ya ce. Wai jan yauƙi ya taɓa cinye masa akwati guda sukutum a ƙasarsu, mai kula da shi kuma ya rantse masa bai ga komai ba. Ya ce mijin Kulu ya shirya, akwatunan sabon gini uku ne, duk shi zai kula da su.

Bayan arba'in na kama kujera ɗaya. Mijin Kulu ya raka ni tasha, ya ɗora mini kaya, ya koma durƙusonsa da kallon ƙasa kamar ba shi ba. Sai da mota ta tashi na ga ya cusa mini wani abu a bakin jaka, naɗe a takarda. Farin reshen ne. Yana nan a makewayina, ban taɓa samun dutsen goge kaushi kamarsa ba.